Numfashin Mai Sarewa

"Wendelin, so kake ka kashe mini uba?"

Ottilie ta dire takardun kiɗan a gabansa. Sabon kiɗa ne na sarewa da rakiyar masu goge, wanda ya tsara domin bikin fada. Mahaifinta Balthasar, babban mai sarewar Yarima, shi ne zai busa.

"Haba, sanyin idona! Yardarsa nake nema. Kilian ya ce ba abin da yake burge shi kamar doguwar busa marar yankewa."

"Kilian? Wanda yake zaune a bayan Baba yana jiran kujerarsa, yana jirana ni ma?"

Ta rage murya.

"Tun sanyin bara numfashin Baba ya gajarta, ɓoyewa yake yi. Da ma bai amince da kai ba. Idan ya sarƙe a gaban Yarima za a sallame shi, mu kuma mun rabu ke nan..."

"To, in rage kiɗan?"

"Zai gane tausayinsa ka ji. Ba zai yafe maka ba."

Wendelin ya ɗauki alƙalami.

"Kina jin sa idan yana gwaji a gida. Rera mini, masoyiyata, ki tsaya duk inda yake tsayawa."

Ta rera a hankali, cikin kunya. Duk inda ta tsaya, sai ya miƙa wa masu goge waƙar, su amsa wa sarewa kamar masu hira.

Ranar bikin Ottilie ta zauna a can baya, tana addu'a a zuci. Sarewa ta yi magana, goge suka amsa, tsohon ya ja numfashi babu wanda ya lura. Kilian ya riƙe tasa sarewar a cinya yana jiran a kira shi, har aka gama tafi bai tashi ba.

Da jama'a suka watse, Balthasar ya yafito saurayin.

"Kai, ɗan tawada!"

"Ranka ya daɗe."

"Masu gogenka sun cika shisshigi. Da na ɗan tsaya sai su karɓe."

"Haka kiɗan ya so, ranka ya daɗe."

"Ƙarya kake yi."

Ya juya ya dubi 'yarsa, wadda ta sunkuyar da kai hawaye yana zuba.

"Da ke aka haɗa baki, ko?"

"Baba..."

"Share idonki, ba mutuwa aka yi ba." Ya rufe akwatin sarewarsa a hankali. "Kai kuma, ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ka zo gida da mahaifiyarka."

Sannan ya miƙa wa Wendelin hannu, a gaban Kilian da sauran makaɗa.

"Riƙe ni, ɗana. Matakalar nan tana da tsawo."