Mai Kitso da Baiwar da Ta Gudo

Can a zamanin da ake kama mutane ana sayarwa, an yi wata tsohuwa mai kitso a wani ƙauye. Tana cikin mutanen da suka ƙi jinin bauta, masu karɓar bayin da suka gudo, su miƙa su gida gida har ƙetaren kogi, inda ba mai kama su.

Wata rana da hantsi, sai ga wata mata ta faɗo gidan tana haki, ƙafafunta duk ƙaya. Ta ce, "Inna, ki rufa mini asiri, suna bayana!"

Ɗakin tsohuwa ɗaya ne, babu maɓuya. Sai ta yafa mata zanenta, ta zaunar da ita, ta ce, "Sunkuya, 'yata." Ta kifa fuskar matar a cinyarta, ta kama kitso.

Masu nema suka shigo riƙe da igiya, suka bincike ɗaki. Babbansu ya ce, "Tsohuwa, wace ce wannan?"

Tsohuwa ba ta saki gashin ba. Ta ce, "'Yata ce. Sunkuya, 'yata, kada kitso ya karkace."

Ya ce, "In muka gano ƙarya kike, za mu ƙone gidan nan."

Ta ce, "Na ji."

Da suka tafi, tsohuwa ta ji cinyarta ta jiƙe da hawaye. Ta ce, "Sun yi nisa. Tashi mu je wurin mai fito."

Matar ta ce, "Inna, ƙarasa mini tukuna. Rabon da wani ya taɓa kaina haka, tun ranar da aka raba ni da uwata."

Tsohuwa ta share idonta, ta ƙarasa kitson tsaf, sannan ta riƙe hannunta har bakin kogi.