Sandar Kawu a Bakin Siƙala

Tun da hantsi falon Kawu Abdallah da ke unguwar Hindawiyya a Jidda ya cika da akwatuna. Sajida ta sake buɗe jakarta, karo na huɗu ke nan, tana lalubar fasfo da iƙama, wato katin izinin zama.

"Suna nan, ba su yi ƙafa ba," in ji Mairo, mahaifiyarta. "Ke dai ba takarda ce ke damunki ba."

Sajida ta sunkuyar da kai. Wata bakwai ke nan saurayinta Rafi'u yana neman izinin turo manyansa. Tun rasuwar mahaifinta, Kawu, yayan Mairo, ke riƙe da ita, dangin uba na Gusau kuma sun ce duk abin da ya yanke shi ne. Shi kuwa kullum amsarsa ɗaya: "Sai na ga tarbiyyarsa." Yanzu Yazan, ɗan Kawu, ya saya musu tikitin yawon kwana uku a jirgin ruwa, Rafi'u kuma shi ke tsaron siƙala, wato gadar ƙarfen da ake miƙawa daga gaɓa zuwa ƙofar jirgi. Dole ta gabansa za su wuce.

Kawu ya fito yana dogara sandarsa mai kan azurfa, wadda ya zo da ita daga gida shekara talatin da suka wuce.

"Yau zan ga mai gadin tsanin nan naki. Yaron kirki daga gaisuwa ake gane shi. Yalla, mu tafi!"

A mota Sajida ta tura saƙo a ɓoye: "Don Allah ka durƙusa masa har ƙasa." Amsa ta dawo: "In aiki ya bari. Ki yi mana addu'a."

A tashar jiragen aka bincika kaya, aka ɗauki hotonsu, aka ba kowa kati. Suna fita dandamali sai ga jirgin fari fat, ya fi benayen unguwar Sharafiyya tsawo. Kan siƙalar yana maƙale a ƙofar jirgi, gindinta kuwa a kan tayoyin ƙarfe yake zaune, ba a ɗaure ba. Rafi'u ya taɓa faɗa mata dalili: jirgi ba ya tsayawa cak ko an ɗaure shi, in iska ko ruwa ya motsa shi sai gadar ta bi shi, tayoyin su gangaro gaba ko baya. Shi ya sa aka ja layi ruwan ɗorawa a ƙasa.

Ga shi can, da rigar aiki da rediyo a kafaɗa. Yana hango su ya dafe ƙirji, ya fara ranƙwafawa. Sai rediyon ya yi magana da Larabci, wani ƙaramin jirgi mai jan manya ya gifta yana tura ruwa. Nan take fuskar Rafi'u ta sauya, ya ɗaga hannu.

"Kowa ya tsaya bayan layi!"

Jama'a suka tsaya. Kawu ya yi murmushi, a zatonsa don girmama shi aka tsayar da su. Ya gyara hula, ya tsallake layin.

"Baba, tsaya! Na ce ka tsaya!"

Kafin Sajida ta buɗe baki, Rafi'u ya cafko jallabiyar Kawu ta ƙirji ya fizgo shi baya. Hula ta faɗi, sanda ta suɓuce, tayar ƙarfe ta gangaro ta bi ta kanta — ƙas!

"Ni ka shaƙe?" in ji Kawu. "A gaban Larabawa da Turawa?"

Rafi'u ko waiwayowa bai yi ba, idonsa na kan tayoyin, bakinsa na kan rediyo. Sai da gadar ta natsu ya ɗauko hular da guntun sandar ya miƙa da hannu biyu.

"Bismillah, Baba. A riƙe ƙarfen gefe."

"Halas, shi ke nan," in ji Kawu. "Maganarka ta mutu."

Sajida ba ta san yadda ta hau ba. A ɗakinsu ta kifa kai a cinyar mahaifiyarta tana kuka.

"Umma, wallahi cetonsa ya yi! Bari in je in faɗa masa—"

"Kul! Yayana in an tura shi gaba, baya yake komawa. Ki yi shiru, ki kai masa maganinsa."

Haka ta yi. Ta kai masa allurar sukari a kan lokaci, ta haɗa masa shayi da na'ana'a, ba ta ambaci sunan kowa ba.

Kashegari jirgin ya tsaya a wata tasha. Kawu ya ƙi sauka tunda ba sanda, ya zauna a bene yana leƙen siƙalar garin. Fiye da awa guda yana kallon tayoyin, su matsa, su koma, su sake matsawa.

"Wannan abin, nauyinsa ya kai nawa?"

"An ce ya fi mota, Kawu."

Ya dubi guntun sandar, ya dubi ƙafarsa, wadda ko ƙaya ce ta soke ta sai ta yi wata ba ta warke ba.

Ranar da suka dawo Jidda, Kawu ya sauko a hankali yana dafa kafaɗarta. Ya wuce Rafi'u, ya tsallake layin, ya ja ya tsaya.

"Yaya, mota na jira," in ji Mairo.

"Ta jira. Yaro na bakin aiki."

Sai da fasinja na ƙarshe ya sauka, aka ja sarƙa, sannan Rafi'u ya zo ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, a gafarce ni. Na san na—"

"Da ka tsaya durƙuso ran nan, da yau a keke ake tura ni. Na zo duba gaisuwa, na tarar da riƙo. Wanda ya yarda ya rasa mata don kada tsoho ya rasa ƙafa, shi zan ba 'yata. Ka turo manyanka ranar Juma'a." Ya miƙa masa guntun sandar. "Su zo mini da sabuwa. Kuma wuyan rigata da ka yaga, ka sani ban manta ba."

Mairo ta kwashe da dariya, Sajida ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye na zuba.

'Yan'uwa mata, ladabi ba a gwiwa kaɗai yake ba. Mai ƙaunarki na gaskiya zai iya ɓata miki rai don ya tsare ki, kuma wadda ta iya riƙe bakinta kwana uku ta samu abin da kuka da gardama ba za su ba ta ba.