Fararen Ƙyallayen Kubura

Kubura na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar shinkafa a faifai, cikinta na wata shida ya hana ta sunkuyawa sosai, sai mijinta Abdulgani ya yi sallama ya shigo da wani ƙunshi a hammata. Ya fara leƙa sashen mahaifiyarsa, Inna Fatsuma, ya ga an ja asabari.

"Inna ta tahi Kambaza?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Tun da hantsi, Malam. Ta ce sai an kai amarya gobe za ta dawo."

Ya durƙusa a gabanta ya kwance ƙunshin. Alawayyo ne fari tas, sabo, har da ƙamshin kanti. Kubura ta ajiye faifai ta shafa yadin da tafin hannu, idanunta suka ciko.

"Ashe ba ka mance ba."

"Ina zan mance? Goma sha biyu za su hita a ciki. Tashi ki gwada mini girman da kike so, in yanka tun gida ba kowa."

Abdulgani tela ne, yana da keken ɗinki a zauren gidansu a Gwandu. Shekara uku ke nan da ya auro Kubura daga Kalgo, kuma auren so ne, don sai da ya yi shekara guda yana zarya da sunan sayen zare kafin a ba shi ita. A daminar 1955 Allah ya ba su ɗa namiji. Ruwa ya cinye hanya a lokacin, ba ta samu zuwa gida haihuwa ba, sai ta haihu a hannun surukarta. Inna Fatsuma ta fito da tsummokaran da aka reni duk 'ya'yan gidan da su, waɗanda in sun ɓaci ake ɗan ɗauraye su a rataye a ƙuryar ɗaki. Kafin sati uku mazaunan yaron da cinyoyinsa suka saɓule, gyambo ya kama ruwa, zazzaɓi ya biyo baya. Da suka kai shi asibiti a Birnin Kebbi rai ya riga ya yi halinsa. Kwanansa talatin da ɗaya a duniya.

A ranar ce wata ungozomar asibitin ta ja Kubura gefe ta ce mata, in Allah ya sake ba ta, ta nemi farin yadi mai taushi, a yanka shi ƙyalle-ƙyalle masu kusurwa huɗu daidai, a naɗe bakinsa. Duk wanda yaro ya ɓata a wanke da sabulu, a tafasa, a shanya a rana. Fari, don dauɗa ba ta ɓuya a jikinsa. Nafkin ta kira shi. Kubura ta riƙe maganar nan kamar karatun allo.

Inna Fatsuma kuwa nata ganin daban ne. A wurinta baki ne ya kama yaron, domin Kubura ta saƙa masa 'yar hula tun yana ciki, har ta nuna wa maƙwabta. Saboda haka da wannan cikin ya fito ta kafa doka: ko zare ba za a tanada ba sai abin da ke ciki ya faɗo duniya.

Ranar da ya kawo alawayyon, Abdulgani ya rufe zaure ya hau keke, Kubura na miƙa masa ƙyalle ɗaya bayan ɗaya. Yana ɗinki yana tsokanarta.

"Wanga ɗa tun bai zo ba ya fi ubanai kayan sawa."

Ta yi dariya, sannan ta ce, "In Inna ta gani fa?"

"Ni na saya, ni na ɗinka. In magana ta taso ni zan tare ta. Ke dai ki kwantar da hankalinki."

Ta wanke su, ta ninke, ta sa a ƙasan adakarta. Wata biyu ba wanda ya sani.

Da cikin ya shiga wata takwas damina ta yi nisa, komai na ɗaki ya ɗauki sanyi. Wata safiya Kubura ta buɗe adaka ta ji warin fumfuna. Ganin rana ta fito, sai ta kwashe ƙyallayen ta kai bayan ɗaki ta baza a kan danga, da nufin ta kwashe kafin azahar. Ba ta san Inna Fatsuma ta zagaya can tsinkar zogale ba.

Salatin tsohuwar ne ya fito da ita. Ta same ta tsaye da ƙyalle ɗaya a hannu. Matan maƙwabta biyu har sun leƙo ta kan danga.

"Kubura, mi ne na wanga?"

"Na jinjiri ne, Inna. A asibiti anka ce mini..."

"Alawayyo? Farin alawayyo? Likkafani kike tanadar wa jikana tun bai sha iskar duniya ba? Guda bai ishe ki ba?"

Maganar ta soki Kubura. Ta durƙusa ta ce, "Wallahi Inna ba haka ba ne. A kira Malam, shi zai yi miki bayani."

Aka kira Abdulgani daga zaure. Ya shigo da almakashi a hannu, ya ga ƙyallaye a danga, ya ga fuskar uwarsa, ya ga matan maƙwabta. Kubura ta ɗago kai ta dube shi da natsuwa, don ta san abin da ya alkawarta.

"Tela," in ji Inna Fatsuma, "da saninka anka shigo da wanga abu gidan ga, bayan na hana?"

Ya dubi ƙasa, ya juya almakashin a hannu.

"Kai nike tambaya. In da hannunka a ciki ka gaya mini, in san ban da ɗa."

"Ni... ban san da su ba, Inna. Yau na hwara ganinsu."

Kubura ba ta yi kuka ba a lokacin. Kallonsa kawai take yi, shi kuwa ya ƙi yarda su haɗa ido. Da ta so, sai ta ce a dubi bakin ƙyallen, ai ɗinkin keke ne, kuma keke ɗaya ne a unguwar. Maganar ta zo mata har leɓe, ta haɗiye. Ba za ta tsaya gaban mutane ta ƙaryata mijinta ba, ko da shi ya tsaya gabansu ya sayar da ita.

Inna Fatsuma ta yanke hukunci nan take. Gobe a sa Kubura a lori ta tafi Kalgo ta haihu can, ƙyallayen kuma Abdulgani ya fitar mata da su daga gida.

Washegari da za ta fita, ta ratsa ta zaure da ƙunshin kayanta a ka. Nan ta gan shi zaune bayan keke, ya ɗora ƙyallayen a cinya yana warware bakinsu da tsinin almakashi, zai mai da su shafin riga. Wannan ya fi maganar jiya yi mata ciwo. Ya miƙe da sauri ya bi ta har tasha yana magana a hankali.

"Kubura, ki gane mini. Uwata ta. Kin ji abin da ta ce a gaban mutane. Zan saya miki wasu in aiko a ɓoye."

Ta tsaya ta dube shi. "A ɓoye kuma, Malam? Bari. Na ƙoshi da ɓoyo."

Ta hau lori ba ta waiwayo ba. Sai da suka wuce gonakin bayan gari sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kukan da ta riƙe tun jiya.

A Kalgo, Gwaggo Zulai ce ta tarbe ta, ƙanwar mahaifinta da ta rene ta tun rasuwar uwarta. Ta saurari labarin duka tana murza goro a magogi, ba ta katse ta ba.

"To yanzu mi kike so, ɗiyata? In aika a karɓo miki takarda?"

"A'a, Gwaggo. Ina son shi, shi ya sa abin ya yi mini zafi. Amma ba zan sake naɗe ɗana a tsumman da ya ci wancan ba, ko duniya za ta taru a kaina."

"To ki yi abin da ke gabanki. Sauran ki bar wa Allah."

Kubura ta fito da zannuwan aurenta guda uku, waɗanda wanki ya tausasa, ta sa reza ta yanka su gida-gida. Ba farare ba ne, amma masu tsabta ne. Kullum bayan la'asar ita da Gwaggo sukan zauna gindin ɗorawa suna naɗe bakinsu da allura. Yatsunta suka huhhuje, bayanta ya riƙe, ba ta fasa ba. Sau biyu Abdulgani ya aiko da saƙon gaisuwa da sabulu ta hannun direban lori. Ta karɓi sabulun, ta ce a ce ta gode. Ba ta ƙara ko kalma ba.

Da kaka ta kama ta haifi 'ya mace, aka sa mata Maimuna. Abdulgani ya zo suna tare da abokansa, ya leƙa ɗakin mai jego, ta gaishe shi kamar yadda ake gaida baƙo, ya fita jiki a sanyaye. Daga nan aiki ya kankama. Kullum da safe tukunya na kan murhu tana tafasa, igiya cike da ƙyallaye masu launi-launi. Matan unguwa suna dariya, wai Kubura ta mai da gida wurin wanki. Amma yarinya ta yi sati uku, ta wuce kwana talatin da ɗaya, ta yi arba'in, jikinta sumul ko ƙurji babu. A ranar talatin da ɗayan nan Kubura ta wuni rungume da ita, ko tsakar gida ba ta fito ba.

Bayan arba'in da kwana biyu sai ga Inna Fatsuma da Abdulgani sun sauka, sun zo ɗaukar mai jego. Aka shimfiɗa musu tabarma. Tsohuwar ta karɓi jikarta, ta kwance ƙyallen da ke jikinta, ta juya ta, ta duba cinyoyi da matse-matsi, ta daɗe tana shafawa.

Gwaggo Zulai ta ce, "To ga ɗiyarku nan. Amma ta ce tana da magana."

Kubura ta sunkuyar da kai. "Inna, zan koma ɗakina, ban ƙi ba. Sai dai an kore ni a kan na yi abu a bayan mijina. Wanga suna nike so a cire mini kahin in taka gidan."

Abdulgani ya muskuta, gumi ya tsattsafo masa. Sannan ya matsa gaban uwarsa ya durƙusa.

"Inna, ƙarya na yi miki. Ni na sayo alawayyon, ni na yanka, ni na ɗinka, ranar da kinka tahi Kambaza. Na ce mata zan tare mata, na kasa. Kubura ba ta da laihi ko kaɗan."

Inna Fatsuma ta gyara wa jaririyar kwanciya a cinyarta. "Na sani," ta ce. "Tun da na ɗauki ƙyallen na ga ɗinkinka. Jira nike ka ce kai ne, in yi hwaɗa in huce. Da ka musa, kunya ta kama ni a gaban mutane, na huce a kan wadda ba ta da mai tare mata." Ta share ido da bakin mayafi. "Bakwai na haihwa, huɗu na naɗe a farin alawayyo da hannuna. In na gan shi gabana ke hwaɗuwa. Amma wagga yarinya ga ta nan lahiya lau, idona ya gani. Kubura, ki yahe mini maganar da na gaya miki. Ba ke kinka kashe ɗanki ba."

Nan Kubura ta fashe da kuka, don abin da ta fi shekara tana son ji ke nan. Ta ce ta yafe wa Inna duniya da lahira. Abdulgani ya juyo gare ta yana jiran nasa.

"Kai ma na yahe, Malam," ta ce. "Amma zuciyata sai a hankali."

Haka kuwa aka yi. Da suka koma Gwandu, Abdulgani ya tara matan nan biyu da abin ya faru a gabansu, ya maimaita musu abin da ya faɗa a Kalgo, ko da yake sai da aka yi wata ana yi masa tsiya a unguwa. Kubura ta ci gaba da yi masa biyayya, amma dariyar da suka saba ba ta dawo ba sai bayan an yaye Maimuna. Bai yi ƙorafi ba, don ya san shi ya jawo. Inna Fatsuma kuwa, ita ce ta koma mai tashi da sassafe tana hura wutar tafasa ƙyallayen jikarta, kuma duk mai cikin da ta shigo gaishe ta sai ta tura ta wurin Kubura ta koya.

Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba a yin ta da ƙarya, ba a kuma yin ta da mutuncin matar da ta ba ka amana. Abdulgani ya guji faɗan yini ɗaya, ya biya da shekara biyu na sanyin gida. Kubura kuwa ba ta tona mijinta ba, ba ta zagi surukarta ba, kuma ba ta saki abin da ta san zai tsare ran ɗiyarta ba. Da wannan haƙurin ta samu ɗiya a raye, ta samu miji da ya koyi tsayawa a kan maganarsa.