Inda Buroshi Ya Bushe

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma rabin allunan shagunan layinmu aikin hannuna ne. A kawo mini rubutu a takarda, in kwafe shi harafi-harafi kamar mai zana tsuntsu. Karantawa kuwa, wannan matsalar masu allo ce.

Da faɗa muka haɗu. Malama ce a makarantar yara da ke bayan rumfata. Ta tsaya a gaban allon da na yi wa wani tela, ta ce haruffana kamar sojoji a fareti, kowa ya ƙame ba ya kula ɗan'uwansa. Na ce duk garin nan ba a haifi mai gyara mini aiki ba.

"To an haife ta, Sarkin Cika Baki. Miƙo alli."

A jikin ƙofar rumfata ta rubuta sunanta. Haruffan riƙe da hannun juna, sun ɗan kishingiɗa, na ƙarshe ya saki wutsiya. Ban iya karanta shi ba, amma na haddace shi yadda ake haddace fuska. Tana tafiya na bi allin da fenti.

Ita ta nuna mini yadda kowane harafin bugun inji ke komawa a haɗaɗɗen rubutu. Ta ce ba a rubuta gargaɗi da shi, ba a cika allo da shi. Na suna ne, da katin biki, da abin da ake so ido ya daɗe a kai. Sharaɗinsa ɗaya: ba a ɗaga hannu sai kalma ta ƙare. Kafin shekara na fi ta iyawa, ita ma ta sani.

Sai aka yi mata canjin wurin aiki zuwa nesa. Ta ce in biyo ta mu yi aure, ai ko'ina akwai bango. Ni kuwa ga Inna kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ga ƙannena a wuyana. Inna da kanta ta ce in tafi. To wa zai riƙa juya ta a shimfiɗa?

"Ka ce in jira, masoyina... zan jira."

Ban ce ba. Namiji irina ba ya ɗaure 'yar mutane da igiyar da bai san tsawonta ba.

Shekaru suka ja. Ran nan wani mai fara'a ya kawo sunaye biyu bugun inji, yana son allon biki da rubutun nan da ake yabona a kai. Na gama na ango ina fito. Na shiga na amarya... harafi na kama harafi, sai ga fuskar da na sani tana fitowa a ƙarƙashin buroshina. Sunanta ne, ban dai taɓa ganinsa a tsaitsaye da bugun inji ba.

Na ƙarasa. Ba a taɓa yin allo irinsa ba, a je a tambaya.

Bayan biki ta zo rumfa. Ta tambayi jikin Inna, na ce Inna ta riga mu gidan gaskiya tun bara. Ta daɗe tana kallon sunanta a jikin ƙofar.

"Ka ɗaga hannu a tsakiyar sunana. Ni kaɗai na lura."

"Buroshin ne ya bushe, Malama."

"Buroshinka ba ya bushewa, Sarkin Cika Baki."

Na ga yunwa, na ga gobarar da ta lashe layinmu har da ƙofar, na binne sa'o'ina, ga ni daram. Hannuna bai san rawa ba. Amma har yau in na iso wannan harafin, a sunan ko waye, sai buroshin ya bushe.