Tambayar da Ta Kwantar da Alhaji Umoru

Sherifa ba ta iya karatu da baki rufe ba, kuma duk gidansu na Aboabo a Kumasi an san ta da haka. Ko lissafi take yi sai ta karanta tambayar a fili, ta amsa wa kanta, wani lokaci har ta yi wa kanta faɗa. Ranar da abin ya faru bayan la'asar ne. Hadari ya haɗo daga wajen Dichemso ya tsaya cak ya ƙi zubowa, tsakar gida ta yi duhu-duhu, ko kaji ba sa motsi. Tana zaune a kan benci da kalkuleta a cinya, tana bitar tambayoyin gwaji na jarrabawar akanta da za ta zauna. Kakarta Hajiya Lariya tana gefe a kan tabarma tana jan carbi.

Hajiya ba ta jin Turanci, amma akwai kalmomin da duk wanda ya tsufa a Kumasi ya sani, kuma ta mutuwa tana cikinsu. Sai ga sunan ɗanta Umoru ya fito daga bakin jikarta, kalmar nan tana biye da shi. Carbin ya tsaya.

"Sake faɗa," in ji ta. "Da Hausa."

"Kaka, aikin lesin ne kawai—"

"Na ce da Hausa."

Sherifa ta fassara, muryarta tana raguwa. Umoru da Kamaluddin 'yan'uwa ne, suna da shagon tayil a Sofoline, suna raba riba biyu. A tsakiyar shekara Umoru ya rasu. A lissafa abin da magadansa za su samu.

Umoru mahaifinta ne, Kamaluddin ƙanensa ne, shagon ma yana nan a Sofoline yadda aka faɗa.

"Wa ya rubuta?"

"Abdul-Fatawu."

Abdul-Fatawu shi ne malamin lesin ɗinsu, saurayi mai sanyin magana da ke koyar da lissafin kasuwanci da tattalin arziki a wani ɗaki a saman kemis a Dichemso. Shi ne kuma wanda iyayensa suka kawo goron neman auren Sherifa aka karɓa, ana jiran bayan babbar Sallah. Ita da bakinta ta roƙe shi ya daina sa musu sunayen Turawa a tambayoyi, wai ba sa zama mata a kai. Shi kuwa mai son a yabe shi da iya koyarwa, sai ya shiga ɗauko mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a takarda.

"Shi ne ya rubuta Mamunatu," Hajiya ta ce a hankali. "Shi ne ya rubuta Iddi."

Nan ne Sherifa ita ma ta tuna. Ya taɓa ba su tambaya cewa an ƙara haraji a kan shinkafar waje, darajar sidi, kuɗin ƙasar, kuma ta faɗi, su bayyana abin da zai sami Mamunatu mai sayar da shinkafa da wake a bakin titi. Ba a daɗe ba aka ga teburin Mamunatu a kife. Ya sake ba su wata, wai wuta ta ɗauke a shagon sanyi na Iddi, kifi ya lalace, su shigar da asarar. Ran nan aka wayi gari warin kifin Iddi ya hana mutanen layinsu cin abinci. A lokacin dariya suka yi a aji, suna ta tsokanar malamin. Yanzu ta nemi abin dariyar ta rasa.

Kafin magariba takardar ta isa hannun Alhaji Umoru. Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai tsawa, wanda yaran shago ke jin takunsa su miƙe. Ya sa an karanta masa, ya ce shirme ne, har ya yi dariya. Amma tuwon da aka kai masa haka aka ɗauko shi. Washegari ya ce kansa na sarawa, bai je Sofoline ba. Da aka kai shi asibiti aka auna ko'ina, likita ya ce jini ne ya ɗan hau, ya rage tunani. Ya dawo gida ya kwanta ya juya fuska bango.

Wata safiya Sherifa ta fito da bokiti sai ta ga farin yadi shanye a igiya, dogo, yana lilo alhali babu iska. Likkafanin da Alhaji ya zo da shi daga Makka ne, wanda ya tsoma a zamzam ya ajiye a ƙasan akwati shekara da shekaru. Shi ya ce a fito da shi ya sha iska. Matan gida suka koma zagaye igiyar ta nesa, yara suka daina wasa a wajen. Ko'ina Sherifa ta tsaya a gidan, sai ta ga farin yadin a gefen idonta.

Hajiya ta aika aka kira Abdul-Fatawu. Ya zo ya durƙusa a bakin tabarmarta, ya ba da haƙuri. Ya ce ya yi wauta, ya yi rashin ladabi, ba a wasa da sunan babba a maganar mutuwa.

"Yoo, na ji," in ji Hajiya. Ta tura masa farar takarda da biro da ƙwarya mai ruwa. "Hannun da ya ɗaure shi zai kwance. Rubuta Umoru ya warke, ya yi tsawon rai. A wanke a ba shi ya sha. Ka yi wannan, aurenku na nan."

Abdul-Fatawu ya kalli takardar. Sherifa tana bayan labule, zuciyarta na cewa ɗauki mana, ɗauki.

"Hajiya, ki sa ni in share gidan nan kullum, zan share. Ki ce in zauna in yi wa Baba addu'a har ya tashi, zan zauna. Amma wannan ba zan iya ba. In na rubuta, na yarda ke nan birona yana kashewa yana rayawa. Allah kaɗai ke da wannan."

"To Mamunatu fa? Iddi fa?"

"Kowa ya ga shinkafa na tashi, Hajiya. Kowa ya san Iddi ba shi da janareto. Abin da ido ke gani na rubuta."

"A jikin ɗana me idonka ya gani?"

Ya tashi ya bar takardar fara yadda aka ba shi. A ranar Hajiya ta sa aka mayar wa iyayensa da goronsu.

Sherifa ta tare shi a lungu, hawaye ya wanke mata fuska.

"Layi ɗaya fa, Fatawu. Layi ɗaya ya fi ƙarfinka? Ashe ba ka siriyos da ni ko kaɗan."

"In na rubuta ya tashi, gobe layi za a yi a ƙofata," ya ce. "In kuma wani ya rasu a gidanku, ni za a kalla. Ke ma za ki kalle ni. Ko yanzu tun da muka tsaya, hannuna kike kallo."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta ji kunya ƙwarai. Tana son mutumin nan har cikin ranta, amma tana tsoron biron da ke maƙale a aljihun rigarsa. Ta juya ta koma gida.

Daga nan ta daina zuwa lesin. Ba ta yi wa kakarta tsiwa ba, ba ta kira shi a ɓoye ba, ko da yake sau da yawa takan ɗauki waya ta ajiye. Ita ke dama wa mahaifinta koko, ita ke dawowa da shi ya huce ba a taɓa ba. Babbar Sallah ta zo ta wuce, gidan shiru kamar an yi rasuwar an gama.

Wata rana da azahar Alhaji ya kira ta. Ɗakin na warin man zafi, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ɗauko takardar nan," ya ce, bai juyo ba. "Kowa ya tsaya a inda na mutu. Ina so in ji abin da ya faru bayan nan."

Ta karanta masa har ƙarshe.

"To, nawa kuka samu, ke da uwarki da ƙannenki?"

"Baba, lambobin cikin nan ƙirƙira ce. Na gaskiya ba wanda zai iya lissafawa."

"Saboda me?"

"Saboda kai da Baba Kamaluddin ba ku taɓa rubuta komai ba. Ba a san jarin da kowa ya zuba ba. Motar kaya ma ba a san ta waye ba."

Sai ga Alhaji ya juyo, karo na farko cikin makonni.

"Motar tawa ce."

"Baba Kamaluddin yana cewa ta shago ce."

"Ya faɗa da bakinsa?"

Aka aika a kira Kamaluddin domin mai shirin tafiya ya bar wasiyya. Ya shigo da jajayen idanu, yana ta salati. Ba a jima ba aka jiyo muryoyi daga ɗakin marar lafiya, kuma wadda ta fi ƙarfi ta marar lafiyar ce. Kamaluddin ya rantse cewa da ribar shago aka sayi mota. Alhaji ya rantse cewa da kuɗin filinsa ne. Da yamma ya leƙo ya tambaya ko akwai sauran tuwo, don ba zai yi gardama da yaron nan da yunwa ba. Washegari ya sa hula, ya raɓa ta gefen likkafaninsa ya fita, ya ja Sherifa suka hau tasi zuwa Sofoline a ƙirga tayil. Mutumin da ke jiran mutuwa ya wuni a tsaye yana yi wa ƙanensa tsawa a kan kwalin da ya fashe tun bara.

Sherifa ta yi iya abin da ta koya. Ta jera kaya, ta ware bashin da ake bin shago da wanda shago ke bi. Amma da aka zo kan darajar sunan shagon, wato amincin da masu saye suka yi da shi tsawon shekaru, sai ta cije. Ba su kai nan ba ta bar lesin.

"Wa ya iya?" Alhaji ya tambaya.

Ta sunkuyar da kai.

"Kira shi," ya ce. "Ya zo da biron nasa."

Abdul-Fatawu ya zo ya yi aikin a gaban 'yan'uwan biyu, aka rubuta rabon kowa da abin da zai koma ga iyalinsa in ta Allah ta kasance, limamin unguwa ya sa hannun shaida. Da ya zo rubuta sunan Alhaji sai hannunsa ya tsaya a sama.

"Rubuta," in ji Alhaji. "Na kwanta na jira, ba ta zo ba. Ran da za ta zo ba za ta nemi takardarka ba. Amma ka sake kashe ni a aji, ni da kai ne."

Hajiya Lariya ce ta fi wuyar shawo kai. Ta ga ɗanta ya tashi ba a wanke komai ba, amma ta ce ita dai jikinta bai ba ta ba. Sai da Alhaji ya yi ta zarya ɗakinta kafin ta yarda a sake karɓar goro, bisa sharaɗi guda: yaron nan kada ya taɓa rubuta sunanta, ko a katin biki. Haka aka buga kati da sunan kowa ban da nata. Aka ɗaura aure, Sherifa ta yi kukan da amare ke yi, ta ƙara da na farin ciki. Jarrabawar da ta wuce ta, ta zauna a zagaye na gaba ta ci.

Damina ta zagayo. Wata la'asar mai hadari irin waccan, aka ga Hajiya zaune a kan tabarmarta, ta jingina da bango, carbi a hannu. Aka yi mata magana ba ta amsa ba. Lafiyarta ƙalau ta ci abincin rana, har ta yi wa mai gawayi ciniki.

Alhaji da kansa ya buɗe akwati ya fito da farin yadin nan, aka ƙaro wani a kai aka yi wa mahaifiyarsa sutura. Bayan an dawo daga maƙabarta Sherifa tana kai ruwa zaure, ta ga ya kama hannun mijinta, hannun da ke riƙe biro.

"Ko sau ɗaya ba ka rubuta sunanta ba," ya ce, hawaye na bin gemunsa.

"Ban rubuta ba, Baba."

"Na sani. Na faɗa ne don a ji."

Masu karatu, ajali ba a bakin mutum yake ba, ba kuma a alƙalaminsa ba. Amma suna yana da nauyi, kuma wanda ya yi wasa da na babba zai sha wuya kafin a yafe masa. Da Abdul-Fatawu ya sayi aurensa da ƙarya, da ya zauna da matar da ke tsoronsa har abada. Da Sherifa ta yi gaggawa, da ta rasa ko iyaye ko miji. Sun yi haƙuri a kan gaskiya, Allah ya haɗa musu duka.

Har yau yana koyarwa a saman kemis ɗin nan, sai dai mutanen tambayoyinsa ba su da suna, daga Mai Shago na Ɗaya sai Mai Shago na Biyu. Sherifa ce ke buga masa su, tana karantawa a fili yadda ta saba. In ta zo inda ɗayansu ya rasu, takan yi masa addu'ar samun rahama kafin ta ci gaba.