Ƙusoshin Bayan Durowar Hajiya

Hajiya ta buɗe durowarta da safe, da makullin da ba ya rabuwa da jakarta, ta jawo ƙaramin akwatin da take ajiye gwal ɗinta, sai ta ji shi sakayau. Sarƙa da awarwaron da ta gada wajen mahaifiyarta, babu su babu alamarsu. Ƙofar durowar kuwa lafiya lau, ba a ɓalle ba, ko ƙwarzane babu.

Kafin a kira 'yan sanda sai da aka kira Kawu, ƙanen Hajiya, tunda shi ya ƙera durowar tun yaran gidan suna ƙanana. Kafinta ne na ji da faɗi, irin wanda in ya haɗa maka kujera sai jikokinka sun gaji da ita. Yana zuwa ya ce a janye durowar daga bango. Aka janye. Sai ga falankin baya an cire shi an mayar, ƙusoshi a karkace, wasu a lanƙwashe, ga tabon guduma ko'ina kamar an yi wa katakon duka don haushi.

Kawu ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba hannun kafinta ba ne. Aikin ɗan koyo ne."

Ba wanda ya ambaci suna, amma duk ido ya koma kan mijin 'yar Hajiya.

Malamin lissafi ne, mutum mai sanyi, wanda tun bara ya kamu da ciwon kafinta. Ya sayi zarto da guduma da injin huda sababbi fil, ya mayar da garejinsa shago, yana kallon yadda ake yi a waya yana kwaikwayo. Dangi suka laƙaba masa Injiniya don tsokana, shi kuwa bawan Allah ya karɓi sunan da hannu biyu. Babu gidan ɗan'uwa da bai kai wa benci mai ɗingishi ko kanta mai gangara ba. Kuma a makon da ya wuce ya yi wuni guda shi kaɗai a ɗakin Hajiya yana kafa mata kantar magani, kowa ya ji ƙarar gudumarsa.

Sufeton da aka turo mace ce, gajera, mai magana a hankali kamar ana sayar mata da kalmomi. Da ta shigo falon ta tarar an riga an yanke hukunci, ita kawai ake jira ta ɗauki mutum. Hajiya ta juya wa surukin nata baya. Matarsa, wadda nas ce kuma ko kayan aiki ba ta cire ba, ta zauna can nesa da shi ta rungume jaka. Wannan zaman nata shi ya fi cin ran Injiniya, don duk wanda ya kalle shi ya ga ita yake kallo, ba 'yar sandar ba.

Sufeto ta fara da Hajiya. Rabonta da buɗe akwatin an kwana biyu, makulli ɗaya ne tal, kuma ta riga ta sanar da dangi cewa 'yarta za ta ba wa gwal ɗin tun tana raye. Sufeto ta tambaya ko akwai wanda maganar ta yi wa daɗi fiye da kima, ko wanda ta ɓata wa rai. Hajiya ta ce ita ba ta lura ba.

Sai Sufeto ta sa aka shigo mata da Injiniya ɗakin Hajiya.

"Ka taɓa matsar da wannan durowar?"

"Ban taɓa ba, ranki ya daɗe."

"Ka san abin da ke ciki?"

"Na sani. Kowa ya sani."

"Abin da za a ba matarka, me zai sa ka sace shi?"

"Ni ma abin da nake so a tambaya ke nan," in ji shi.

Ai kuwa dangi suna da amsa a shirye. Suka ce kayan aikin da yake saya suna cin kuɗi, kwanan nan ma an ji shi yana mafarkin wani injin goge katako. Sufeto ta saurara. Ta dai lura cewa kowa yana faɗin maganar da kalmomi iri ɗaya, da ta bi diddigi kuma sai ta tarar daga bakin Kawu ta fara fitowa.

Ta tsaya gaban kantar maganin da Injiniya ya kafa. Wallahi abin tausayi ce. Ta ɗan zame hagu, an cika ta da gam har ya zubo ya bushe, kuma duk inda ƙusa ta shiga kusa da bakin katako sai da ta tsaga shi. Daga nan ta tsuguna bayan durowar ta daɗe tana kallo. Falankin siriri ne, ya bushe ƙayau don tsufa, ƙusoshin kuma a bakin-bakinsa aka buga su. Sun karkace, sun lanƙwashe, amma ko tsaga ɗaya babu. Ta duba tayil ɗin ƙasa, ta ga karce sabo na janyewar da aka yi da safen nan kawai. Wanda ya matsar da durowar a karon farko bai bar alama ba.

Ta ce a kai ta garejin Injiniya. Kawu ya yi murmushi, a zatonsa gwal za a je nema. Can ɗin ma labari ɗaya ne: teburin yara, akwatin takalma, wata aba da ya ce kujerar hutawa ce, kowanne da tsaga a gefe, an cusa garin katako da gam don a rufe asiri. Mutumin nan da gaskiyarsa yake ƙoƙari, amma katako bai taɓa ragar masa ba.

Saura Auta, ɗan Hajiya na ƙarshe, direban tasi, wanda tun shigowar Sufeto yake ta latsa waya yana kauce wa idonta. Shi ma abin zargi ne, don a gidan yake kwana. Ta ja shi waje kusa da motarsa. Da farko ya rantse bai san komai ba. Da ta tambaye shi yaushe ne gidan ya taɓa zama babu Hajiya, sai ya ce ranar da yayarsa, matar Injiniya, ta kai ta asibitin ido, kuma shi aka bar wa gadi.

"Ka zauna?"

Ya koma latsa wayarsa.

"Auta, ka zauna?"

"Fasinja ya kira ni. Amma ban bar gidan haka ba, Kawu yana nan. Ya zo auna ƙofar kicin, ya ce in tafi abina zai jira."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Hajiya za ta cinye ni ɗanye in ta ji na fita. Kuma ai Kawu ne."

Sufeto ta kira fasinjan, ya tabbatar Auta ya wuni da shi a hanyar filin jirgi. Ta sallami Auta. Kalmar nan tasa ta ƙarshe, wai ai Kawu ne, ita ce ta tsaya mata a rai, don ita ce ta sa tun safe babu wanda ya tambayi Kawu komai.

Ta koma ɗakin Hajiya ta nemi aron filaya, ta zare wasu daga cikin ƙusoshin falankin, ta jera su a tafin hannunta a bakin taga. Kowacce tsininta a dakushe yake, an daki bakinta ya baje kaɗan. Ta zaro ɗaya daga kantar Injiniya, ita kuwa tsininta yana nan kamar allura. Ba ta san dalili ba, kuma ba ta tambayi kowa a gidan ba. Ta ce za ta dawo bayan la'asar, kada kowa ya yi nisa. A hanya ta tsaya wani shagon kafinta da bai san kowa a cikinsu ba, ta nuna wa mai shagon ƙusoshin, ya yi mata bayani a tsaye yana dariya.

Da ta dawo ta zo da siraran katakai biyu da sababbin ƙusoshi, ta ajiye a kan dakalin tsakar gida, ta sa Injiniya ya kawo gudumarsa. Ta ce tana so ta rubuta a rahoto bambancin hannun gwani da na ɗan koyo, don alƙali ya gane. Ta roƙi Injiniya ya fara.

Kai, ranar ya sha kunya. Ya saita ƙusa a bakin katakon, bugu biyu sai ji kake ƙas, ya tsage har tsakiya. Wani a cikin dangi ya tuntsire da dariya. Matarsa ta sunkuyar da kai.

"Kawu, nuna mana yadda ake yi," in ji Sufeto.

Kawu ya karɓi gudumar yana taɓe baki. Yana cikin faɗin cewa kafinta ba a waya ake koyonta ba, shi sai da ya yi shekaru yana share shagon maigidansa kafin a bar shi ya taɓa zarto, hannunsa ya ɗauki ƙusa, ya kifa kanta a kan dakali, ya ɗan daki tsinin, ya juya ta ya buga. Ko kallon abin da yake yi bai yi ba. Ƙusa ta shige sumul, katako bai ce komai ba. Ya ɗauki ta biyu ya kifa, gudumar na sama, sai ya ga idon Sufeto a kan hannunsa. Nan ya tsaya.

Ta buɗe tafin hannunta ta nuna wa Hajiya ƙusoshin da ta zare. Ta yi bayani a hankali, yadda ta saba. Ƙusa mai tsini raba katako take yi, shi ya sa yake tsagewa, amma in an dakushe bakinta sai ta huda ta wuce. Duk wanda ya daɗe a sana'ar haka yake yi a kan siririn katako, har ya daina sanin yana yi. Wanda ya mayar da falankin ya karkata ƙusoshi da gangan, ya bubbuge katakon da gangan don a ce ɗan koyo ne, amma ya manta ya hana hannunsa dakushe tsinin. Kuma ya san a zare akwatunan ciki a shimfiɗa buhu kafin a ja durowa, shi ya sa tayil bai karce ba.

"Surukinki ko shekara zai yi yana gwadawa, ba zai mayar da falankin nan bai tsage ba," ta ce. "Kuma ranar asibitin ido mutum ɗaya ne ya rage a gidan nan."

Hajiya ta kalli ƙanenta. "Kai ne?"

Kawu ya ajiye gudumar a hankali. Bai musa ba. Ya ce gwal ɗin yana shagonsa, cikin akwatin kayan aiki, ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce na uwarsu ne su biyu, shi ya yi jinyarta har ta cika, shi ma yana da 'ya mace, amma aka yanke magana ba a ko tambaye shi ba. Wannan kam ana iya jin zafinsa. Sai dai da Sufeto ta tambaye shi me yaron nan ya yi masa da zai ɗora masa sata, abin da ya fito daga bakinsa ya fi muni.

"Yaya, kanta kike so, kina da ni, kika kira wannan? Kika tara mutane kina yabon abin da ko almajirina ya yi sai na kore shi? Duk abin da ke gidan nan ni na yi shi, ba ki taɓa cewa ya yi kyau ba."

"Naka ba ya lalacewa, shi ya sa na manta da shi," in ji Hajiya, sai hawaye. "Shi ke nan sai ka tura uban jikokina kurkuku?"

Sufeto ta sa ɗan sandan da ke tare da ita ya raka Kawu shago a ɗauko gwal ɗin, daga nan a wuce ofis. Ta ce ko Hajiya za ta janye ƙara, wannan maganar gobe ce. Dangin da suka cika falo da safe suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da uzuri. Hajiya ta kama hannun surukinta ta ce ya yafe mata don Allah, ya durƙusa ya ce babu komai, ai ita uwa ce.

A bakin mota matarsa ta same shi yana saka gudumarsa a but. Ta tsaya tana murza hannun jakarta, ta ce ya yi haƙuri, kanta ne ya ɗaure, kowa yana faɗa, ga Kawu ya yi magana. Ta yi ƙoƙarin yin wasa, ta ce ashe rashin iyawa ma yana da ranarsa. Bai yi dariya ba.

"Na san ban iya kafinta ba, tun ba yau ba na sani," ya ce. "Amma matar nan yau ta fara ganina, katako kawai ta kalla ta gane ba ni ba ne. Ke kuwa shekara da shekaru ni kike kallo."

Ya rufe but ɗin, ya zagaya ya buɗe mata ƙofa kamar kullum, ta shiga. Ya tayar da mota suka kama hanyar gida.