Kati Ɗaya Marar Aibi

Tun da hantsi teburin falon ya ɓace a ƙarƙashin takardu. Ja, shuɗi, ruwan hoda, ruwan madara, duk inda ka kai ido guntun kwali ne, har cikin kofin shayin Baba. Auta ta shimfiɗa takarda mai kauri a kan farantin injin yanka, ta kifa mata ɗan siririn ƙarfe mai siffar fure, ta rufe da ɗayan farantin, ta tura su bakin injin.

"Baba, murza!"

Baba ya kama hannun injin ya juya a hankali. Ƙaras-ƙaras! Farantan suka fito ta ɗaya gefen. Auta ta ɗaga ƙarfen, sai ga fure ya faɗo a tafin hannunta, a yanke tsaf, ko gezar takarda babu.

"Kai! Wannan kalar ta yi, Baba. Kwastoman nan sai ta ƙara oda."

Umma ta leƙo daga kicin riƙe da ludayi. "Ni dai ku faɗa mini, yau ma a ƙasa za mu ci abinci? Gida ya koma shagon takarda!"

Shekara talatin Baba ya yi yana aiki a gidan ɗab'i kafin ya ajiye. Yanzu hannunsa na ɗan rawa, ba ya iya buga hatimi ya fita daidai, amma idonsa? Ko ƙwayar ƙura ce a kan kati sai ya gano ta. 'Ya'yansa huɗu duk sun yi aure sun watse garuruwa masu nisa, saura Auta. Ita ce ta fara sana'ar katin gaisuwa na hannu, na barka da haihuwa, na sannu da jiki, na godiya, ta jawo shi ciki. Tun daga ranar tsohon ya daina zaman shiru a bakin taga.

Sai ga Dogo, mai gyaran agogo na bakin titi. Ya zo sayen katin sannu da jiki ga mahaifiyarsa. Bayan kwana uku ya dawo, wai kawunsa ma ba lafiya. Sati na zagayowa, gwaggonsa ce a kwance. A zuwansa na bakwai Umma ta kasa haƙuri.

"Ɗan nan, wai duk danginku a asibiti suke kwana ne? Ko dai wani ciwon ne ke damunka kai da kanka?"

Dogo ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Auta kuwa ta ruga ɗaki tana dariya, zuciyarta fari tas, domin ita ma ta daɗe da kamuwa.

Da maganar aure ta zo gaban Baba, sai ya sha mur. Ya dubi Dogo tun daga takalmi har hula, kuma kallon ya ɗauki lokaci, don akwai nisa tsakani.

"Na bincika, ban ji wani abin ƙi a kanka ba," in ji Baba. "Amma ina da sharaɗi. Ka zauna a teburin nan ka yi mini kati ɗaya da hannunka. Kai za ka sassaƙa hatimin, kai za ka yanka, kai za ka buga. Kati ɗaya marar aibi. Ranar da ka kawo shi, na ba ka ita."

"Shi ke nan, Baba? Kati ɗaya?" Dogo ya yi murmushi. Mutumin da ke ɗaukar kusar agogo da hantsaki, takarda ce za ta gagare shi?

Ranar Asabar ya iso da sabuwar riga. Baba ya miƙa masa guntun roba da 'yar wuƙar sassaƙa, ya ce ya rubuta "Na gode". Dogo ya saka ɗan gilashinsa na gyaran agogo a ido, ya duƙufa. Awa biyu cur yana aiki, harufa na fitowa kyawawa, daga hagu zuwa dama kamar a littafi. Auta ta leƙo, ta zaro ido, ta buɗe baki za ta yi magana.

"Auta!" Baba ya ɗaga yatsa. "Ban da satar amsa."

Dogo ya gama, ya danna robar a soson tawada, ya buga a kan kati, ya ɗaga cike da taƙama. Sai ya yi tsuru-tsuru. Rubutun ya fito a juye, kowane harafi ya ba shi baya.

Baba ya yi dariya har da tari, har Umma ta kawo masa ruwa. "Yaro, hatimi a juye ake sassaƙa shi! Sai ka kara shi a madubi, in ka iya karantawa a can, to ya yi. Wannan naka sai dai a aika wa mutanen cikin madubi!"

Dogo ma ya fashe da dariya. "Na faɗi, Baba. Asabar mai zuwa."

Asabar ta biyu hatimin ya yi kyau, amma ya danna shi da ƙarfi har tawada ta malale. "Kunama kake kashewa?" in ji Baba. Ta uku hannunsa ya motsa, rubutun ya yi inuwa biyu. Ta huɗu ya kifa ƙarfen yanka ta baya, ya yanki farantin a maimakon takardar. Duk waɗannan kuskure ne na gaskiya, kuma Baba na nuna masa gyara da zuciya ɗaya, suna shan shayi, tsohon na zuba labaran gidan ɗab'i, baki har kunne.

Amma daga Asabar ta shida abin ya fara sauya salo. Katin ya yi kyau, Baba ya ce furen ya karkace da kaurin gashi. Ta bakwai ya ce jan ya cika ja. Ta takwas ya shinshina katin ya ce gam ɗin ya yi yawa. Ni mai ba ku labari ma na ji haushin wannan, don ban taɓa jin an kayar da kati a jarrabawa da hanci ba.

Da Auta ta raka Dogo bakin ƙofa a ranar, idanunta sun cika da ƙwalla.

"Sori, Dogo. Wallahi katin nan ya fi nawa kyau. Ban san me ya shiga kan Baba ba."

"Yayata ma ta ce in haƙura," ya ce a hankali. "Ta ce wasa ake yi da hankalina, mata ba su ƙare ba."

Auta ta dube shi. "Kai kuma me ka ce?"

"Na ce mata ba su ƙare ba, amma Auta ɗaya ce. Share hawayenki, kada Umma ta ce ni na sa ki kuka. Agogon da ya tsaya ba a dukansa, buɗe shi ake a ga abin da ya riƙe shi. Ki ba ni lokaci."

Bayan ya tafi ta samu Baba yana share ƙarafan yanka ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, in ba ka sonsa ne ka faɗa mini. Ba zan taɓa saɓa maka ba, amma zuciyata na ciwo."

"Wa ya ce ba na sonsa? Aikin ne bai yi ba," in ji Baba, bai ko ɗago ba. Auta ta shige ɗaki ta kifa kai a filo ta yi kuka mai isarta.

Asabar ta tara Dogo ya zo da wuri. Bai yi hira ba. Ya wanke hannu, ya goge teburin, ya zaɓi takarda ruwan madara. Ya auna da rula, ya ja layi, ya naɗe ta, bakin ya haɗu cif. Ya yanka 'yar taga a fuskar katin, ya yanka ƙananan ganye biyar koraye, ya ɗauke su da hantsakinsa ya jera a gefen tagar, kowanne da ɗigon gam kamar kan allura. Sannan ya ɗauki hatiminsa, ya taɓa shi sau uku a soson tawada, ya ja numfashi, ya sauke shi a miƙe, ya ƙirga biyar, ya ɗaga a miƙe. "Na gode" ya fito baƙi wuluk, a tsakiyar tagar daidai.

Ya bari ya bushe, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

Baba ya ɗaga katin sama ya duba a haske. Ya juya bayansa. Ya kara rula ta sama, ya kara ta gefe. Ya karɓi gilashin Dogo ya bi ganyen ɗaya-ɗaya. Falon ya yi tsit, Umma na tsaye da tsumma a hannu, Auta ta damƙe gefen mayafinta. Babu aibi, kuma kowa a ɗakin ya san babu.

Sai hannun tsohon ya sauka a hankali gefen teburin, inda soson tawada ke buɗe. Babban yatsansa ya taɓa shi. Ya dawo ya riƙe katin, ya danna.

"Af!" ya ce. "Ga... ga tabo nan."

"Malam!" Umma ta jefar da tsumman. "Da idona na gan ka! Da girmanka, da furfurarka? Buɗe hannunka mu gani!"

Baba bai buɗe ba, amma baƙin na nan a yatsansa, kowa na kallo. Auta ta fashe da kuka. "Baba, me na yi maka? Me ya yi maka?"

Tsohon ya daɗe yana kallon tabon. Can sai hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Babu abin da kuka yi mini. Tun Asabar ta shida yaron nan ya ci jarrabawa. Ni ne na kasa." Ya share fuska da hannun riga. "Yayyenki huɗu, kowanne na raka shi da dariya, na dawo na tarar da ɗakinsa a share. Ke kika tashe ni daga bakin tagar can, Auta. In kika tafi, injin nan ya bi ki, wa zai sake kira na in yi wani abu? Da safe in tashi in yi me? Tsoro nake ji, shi ke nan. Tsoro ne ya sa ni wannan abin kunya."

Kukan Auta ya sauya. Ta durƙusa ta kama hannun nan mai tawada ta riƙe gam. Ita duk zatonta Dogon ne ba ya so.

Dogo ya sauko daga kujera ya durƙusa kusa da ita.

"Baba, ku gafarce ni, na daɗe ina zargin haka. Shi ya sa na ƙi karɓar ɗakin da Yayata ta samo mini a can ƙetaren gari. Wanda na kama yana bayan shagona, tafiyar minti goma daga nan. Kuma ƙarami ne, ko teburin kirki ba zai ɗauka ba. Injin nan babu inda za shi. Auta za ta riƙa zuwa aiki kullum da safe, in kun amince. Ni kuma Asabar ɗina tana nan, don har yanzu ba ku koya mini yadda ake sa rubutu ya taso a kan takarda ba."

Baba ya dube shi baki buɗe. "Minti goma?"

"Da ƙafafuna bakwai ne, Baba."

Umma ce ta fara dariya, sannan Auta, hawaye shaɓe-shaɓe a fuska, sannan shi kansa tsohon, har kafaɗunsa na girgiza.

"Wato dai teburina ba zai dawo ba ke nan," in ji Umma. "Ni da na ɗauka aurar da ke zan yi in huta!"

Baba ya miƙe zaune, ya gyara murya. Ya ɗora hannunsa a kafaɗar Dogo, ya bar masa baƙi a kan farar riga, babu wanda ya damu.

"Ɗana, ka yafe mini wahalar da na ba ka. Na ba ka Auta, duniya da lahira. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku haƙurin da kuka yi mini."

"Amin, Baba! Amin!"

Bayan wata biyu aka yi auren. Katin gayyata ɗari da hamsin, duk a teburin nan aka yi su, su uku, Umma na zuba su a ambulan tana mita tana murmushi. Yayar Dogo da ta ga nata ta ce ashe abin ba wasa ba ne, ta nemi a yi mata guda goma na godiya.

To, 'yan'uwana matasa, ku ɗauki darasi. Ba kowace "a'a" ta iyaye ce ƙiyayya ba. Wata tsoro ce, wata kaɗaici ce da ta rasa bakin faɗa. Da Dogo ya yi fushi a Asabar ta bakwai, da Auta ta ɗaga wa mahaifinta murya, da an rasa auren, an kuma bar tsoho da ciwonsa. Sun yi haƙuri, sun nemi sanin abin da ke damunsa, sai suka samu juna ba tare da sun rasa shi ba.

Ranar da aka kai amarya, Baba bai yi kuka ba ko ɗigo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaga mata hannu, ya ƙwala mata kira a gaban jama'a:

"Auta! Sati ɗaya na ba ki hutu, kin ji? Sati ɗaya! Aiki na jiranmu!"